An Ba Mu Doki, An Riƙe Linzami

A wannan fitowar ba maganar karin sauti ko dogon wasali na kawo muku ba. Rigima na zo da ita, kuma kaso mafi tsoka a cikinta namu ne, mu masu karatun kimiyyar harshe. Amma bari in fara daga rumfar kawuna a Magarya, don can abin ya same ni.

Kawu mai gyaran rediyo ne. A aji huɗu ya bar lakwal, ya tsallaka Kano ya yi shekaru yana yaron shago a Sabon Gari, ya dawo gida da ƙarfen liƙi da wata mita mai allura ƙirar Metrix ta Faransa. Mitar nan ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma har gobe da ita yake aiki. Da can rediyo da kaset ake kawo mishi. Yanzu abin da ke cika rumfar shi ne fitilar caji, da tele, da inbata, da akwatin da ke daidaita cajin batirin sola. Daga Bande, daga Waca, har daga Dungas da Guci ana ɗoro mishi kaya a kabu-kabu.

A babban hutun da ya wuce na tarar da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburinsa, mai ɗan gilashi kamar na ƙaramar tele da maɓallai sun fi ashirin. Osiloskof ne, wato na'urar da ke zana maka siffar wutar lantarki ka gan ta da idonka, yadda take hawa da sauka. Ƙirar Jamus ce ta shekarun 1980. Kawu ya saye ta a hannun ƴan gwangwan, a kan kilo, kamar tsohuwar tukunya. Su kuma daga magazar wata lakwal suka kwaso ta, wadda ba zan faɗi sunanta ba. In an kunna, ɗan jan ido ya kama, gilashi kuwa duhu. Wata bakwai tana nan. Na ce, “Kawu, kai da kake tayar da matattun rediyo, wannan ta gagare ka?” Ya ce, “Ɗan nan, rediyo na san hanyoyinta kamar unguwarmu. Wannan baƙon gari ne. Samo mini taswirarsa ka ga aiki.”

Taswirar da yake nufi ita ce littafin gyara. Ku lura, littafi biyu ne ke bin na'ura. Akwai na mai amfani, wanda ke cewa danna nan, murɗa can. Akwai kuma na mai gyara, wanda ke ɗauke da zanen hanyoyin wuta gaba ɗaya, da lambar kowane ɗan ƙarfe, da adadin bolt ɗin da ya kamata a samu a kowace mahaɗa, da yadda ake saiti bayan an gama. Na biyun nan shi ne linzami. Na kwafi lambar da ke jikin farantin baya, na yi kwana uku ina lalube a intanet da wayata, kuɗin haɗi na ta tafiya, har na dace da wani bawan Allah da ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi ya saka kyauta. Na je Damagaram na buga shi, kusan jikka uku. Da Ingilishi yake, wasu shafukan da Jamusanci.

Ranar da muka zauna kansa na gane cewa jahilai biyu ne a rumfar. Ni ina karanta kalmomi, ban san abin da suke nufi a jikin ƙarfe ba. Shi kuma yana buɗe shafin zane ya ɗora yatsa ya ce nan wuta ke shigowa, nan ake tace ta, nan ta rabu gida biyar, amma jimla ɗaya ta Turanci ba ya iya karantawa. Sai na ce bari in nuna na je jami'a. Na zauna da dare na ƙirƙiro kalmomi. Abin da Faransawa ke kira rezistans na raɗa mishi “mai tsayayya”. Kondansater ya zama “ma'ajiyar lantarki”. Da safe na fara karanto mishi: a auna mai tsayayya na goma sha biyu. Kawu ya sauke tabarau ya ce, “Mushe, wane ne mai tsayayya kuma? Ɗan adawa ne?” Yaransa biyu suka kwashe da dariya har ɗaya ya zubar da shayi. Ya ce, “Ka ce rezista. Ka ce kwandansa. Sunansu ke nan tun kafin a haifi uwarka.”

Na ajiye kalmomina, muka bi nasa. Littafi ya ce kafin a taɓa komai a auna layukan wutar da ke ciyar da na'urar. Inda takarda ta ce a sami bolt 24, allurar Metrix ta tsaya wajen 17 tana rawa. Kawu ya bi hanya da yatsa a kan zane, ya koma jikin allo ya bi ta da tsinke, ya tsaya kan wata kwandansa ya ce, “Wannan ta bushe.” Gaskiyarsa. Irin wannan kwandansar tana da ɗan ruwa a cikinta, zafi ne ke shanye shi, kuma masu ƙera ta da kansu suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. To ku auna shekaru a ɗaki mai rufin kwano, a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40. Ya ciro irinta daga gawar wata tele ya liƙa, ya wanke maɓallai daga ƙurar hunturu, muka kunna. Wani siririn layi tsanwa ya miƙe a gilashi. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Na'urar tana da wata kafa ta gwada kayan gyara ɗaya-ɗaya. In ka ɗora rezista sai ta zana layi a karkace, kwandansa ta ba da da'ira mai tsawo, dayod kuma layi mai lanƙwasa. Kafin la'asar Kawu ya raɗa musu suna: sanda, ƙwai, gwiwa. Yanzu in ya ce wa yaro “duba mini ko tana yin ƙwai”, yaron ya san abin da ake nufi, kuma ba ya kuskure. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tambayata ita ce, me ya kashe na'urar nan tun farko? Kwandansa ce ta dala ɗari? A'a. Rashin takarda ne ya kashe ta, kuma masu laifin kashi uku ne.

Na farko su ne masu kawo kaya. Furoje ya zo da motoci farare, a sauke na'urori a lakwal ko a gidan likita ko a gidan rediyon karkara, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a tafi. Littafin gyara ko dai bai taso daga can ba, ko ya maƙale a biro a Yamai, ko ya zo kwafi ɗaya gara ta yi kalaci da shi. Ranar da abu ya tsaya sai a ce a jira mai gyara daga babban birni, shi kuma sai an sami kuɗin mai da na kwana. Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A 2011 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Perry da Malkin, sun tattara lissafin na'urorin asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Wanda ya ba ka doki ya riƙe linzami, in dokin ya kayar da kai, kada ya zo yana cewa ba ka iya hawa ba.

Kuma da can ba haka ake yi ba. Ku nemi littafin osiloskof ɗin Tektronix 465, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, ku gani. Babi guda ne sukutum ke bayanin yadda kowane sashe yake aiki da dalilin da ya sa aka gina shi haka, ga manyan shafukan zane da ake warwarewa kamar tabarma. Kamfanin ya ɗauka cewa mai na'ura mutum ne mai hankali da zai buɗe ta wata rana. Kayan yau kuwa a manne suke da gam, wasu ma an goge lambobin da ke jikin ƙananan kayan cikinsu. Su kansu Turawan abin ya ishe su. A ranar 1 ga Janairun 2021 Faransa ta tilasta a liƙa wa wayoyi da tele da wasu kayan maki a kan goma na sauƙin gyara, kuma samuwar takardun gyara na cikin abin da ake dubawa. A 2024 Tarayyar Turai ta yi doka a kan haƙƙin gyara. Su da ke da kuɗin sayen sabo suna faɗa a kan gyara. Mu da gyara ne rayuwarmu, shiru kake ji.

Na biyu su ne masu riƙe da makullin magaza. Na san uzurinsu: kayan gwamnati ne, suna cikin rajista, in aka ba wani ya taɓa ya lalata, wa zai amsa? To amma abin da ya riga ya mutu, wace lalacewa ta rage mishi? Shekara ashirin na'ura na kulle don kada mai gyaran gari ya taɓa ta, ranar da aka gaji da ganinta sai a sayar wa mai sikeli. An hana mai dalma, an ba mai guduma. In da Kawu bai leƙa buhun ƴan gwangwan ran nan ba, da tuni an fasa ta an zare jan ƙarfen an wuce da shi Kano.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a fada: “Kai ma da son wahala. Mita mai lambobi ta cika kasuwa, arha kamar ƙasa, me za a yi da tsohon akwati?” Na yarda da rabin maganar. Kawu ma yana da ita, tana da amfani, ba mai musu. Amma mita lamba ɗaya take ba ka, ba ta nuna maka siffar wuta. Ga misali da ya shafi kowane ƙauye a Magarya da Dungas yanzu da sola ta shigo. Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta mai laushi, mai hawa da sauka kamar ta NIGELEC, akwai mai fitar da wuta mai kusurwa kamar matakala. A kwali duka biyun za a iya rubuta abin da aka ga dama. Ta biyun tana sa injin firiji da na famfo su yi zafi su gajarta kwana, kuma ƙaramar mita ba za ta tona ta ba, hasali ma karatun da take bayarwa a kan irin wannan wutar ba daidai ba ne. Osiloskof kuwa kallo ɗaya ya isa. In firijin nan na allurar rigakafin yara ne, in famfon nan shi kaɗai ne a gari, to maganar tsohon akwati ta wuce sha'awa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu na zo kanmu, masu laifi na uku.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun yi tafi, ni ma na yi. Amma ku sake karanta kalmar nan: aiki. In Hausa ta tsaya a waƙa da tatsuniya da jawabin biki, aiki kuma ya zauna a hannun wasu harsuna, to rawani aka naɗa mata aka bar ta ba gona. A Damagaram ɗin nan aka buɗe lakwal ɗin gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Yau sama da shekara hamsin ke nan. Ni dai na nema, a Damagaram da Yamai, ban sami ko ɗan littafi mai shafi ashirin da ke koya wa yaro auna batir da Hausa ba. In wani cikinku yana da shi, don Allah ya kawo, zan janye maganata a fitowa ta gaba.

Abin kunyar ma, mutumin da babbar jami'ar ƙasar nan ke ɗauke da sunansa ya nuna hanya tun tuni. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziya ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, shekara da shekaru. Shi ne kuma ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. Mutum ɗaya ya riƙe madubin tara rana da hannun dama, ya riƙe maganar harshe da hagu. Mu jikokinsa mun raba gado: ƴan kimiyya sun ce harshe ba ruwansu, mu ƴan harshe muna tsoron taɓa waya.

In kuma muka tashi taimako, sai mu yi irin abin da na yi a daren nan, mu rufe ƙofa mu ƙera kalmomin da ba mai furta su. Muna ɗauka cewa aro abin kunya ne. Yo littafi da alƙalami daga ina suka zo? Daga Larabci. Mota fa? Lakwal fa? Hausa ba ta taɓa jin kunyar aron suna ba, takan karɓe shi ta yi mishi kaciya ta sa shi aiki. Ƙarfinta yana cikin aikatau da ginin jimla, kuma nan ne masu gyara suka riga mu nisa. Ku saurari Kawu na awa ɗaya: kwandansa ta kumbura, ta bushe, tana yoyo. Hanya ta yanke, a yi mata gada. Ƙafar nan ta saki. Wuta ta shigo, ta tsaya a nan, ba ta fita ba. Batir ya zube, wani abu ne ke zubar da shi, a zuba mishi ruwa. Zuba, zube, zubar: ga tsarin gire-giren aikatau da Parsons ya bayyana a 1960, wanda muke haddacewa don jarrabawa, yana aiki a bakin mutumin da bai taɓa jin sunan Parsons ba. Sanda da ƙwai da gwiwa da na ce ku riƙe, ai ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ke nan, an yi ta a yini ɗaya, kuma ta kama, don wanda ya raɗa su yana kallon abin da idonsa.

Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, cike da kalmomin maƙera da marina da dukawa da masaƙa. Ba a ofis aka ƙago su ba, daga bakin masu sana'a aka kwaso. Baƙo ya yi wannan wahalar shekara casa'in da suka wuce. Mu ƴan gida, da waya mai ɗaukar murya a aljihu, mun kasa zama a benci kusa da mai gyaran rediyo don kada dalma ta ɗiga mana a wando.

Wani abokina ya ce in aka bi bakin masu gyara rikici za a yi, don kan iyaka ya raba mu. Gaskiya ne. Wanda ya koya a Kano ya ce fiyus, wanda ya koya a Damagaram ya ce fizibil. Wannan ya ce taransifoma, wancan ya ce taransifo. Wannan ya ce waya, wancan ya ce fil. To sai me? Mutumin Dungas da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis yana lissafi da Naira da Sefa a kai ɗaya bai ruɗe ba. A rubuta duka biyun gefe da gefe, a bar bakin mutane ya zaɓa. Daidaitawa tana zuwa ne bayan tattarawa. Ba a tankaɗe garin da ba a daka ba.

Akwai kuma inda jira ba shi da amfani ko kaɗan. A cikin akwatin nan akwai layin da ke ɗauke da kusan bolt 2,000, kuma manyan kwandansa suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Gargaɗin yana nan a littafi da manyan baƙaƙe, cikin harshen da yaran Kawu ba sa ji. Shi ya sani don ya sha shokin tele a ƙuruciya. Su fa? Jimla uku ta Hausa, a liƙa a murfi, ta isa ta hana a kai ɗan wani makwanci. Wannan ba ya bukatar kwamiti.

Don haka ga abin da nake nema. Duk hukuma ko ƙungiya da za ta karɓi na'ura, ta sa a takardar ciniki cewa ba littafin gyara ba sa hannu, kuma kwafi biyu: ɗaya a biro, ɗaya a hannun mai gyaran da ya fi kusa. Duk mai magaza, kafin ya kira mai sikeli, ya kira masu gyaran gari su duba, a rubuta abin da aka ba wa da ranar da aka ba shi, shi ke nan rajista ta huta. Mu kuma, a hutu mai zuwa kowannenmu ya sami mai gyara ɗaya a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izini, ya zauna sati guda. Ya rubuto kalma ɗari da jimla ashirin yadda aka faɗe su, kada ya gyara wa kowa baki. Ya kwafo lambar duk tsohuwar na'urar awo da ya gani, mai rai da matacciya, mu nemo littattafansu. Abin da muka samu mu fassara shafukan da suka fi muhimmanci, na gargaɗi da na awon wuta, da boko da ajami, don da yawa daga cikin masu gyaran nan allo suka yi. Injin da ya buga wannan ɗan littafin da ke hannunku shi zai buga su. A sami akwatin ƙarfe mai murfi, ɗaya a Magarya ɗaya a Dungas, inda gara ba ta kaiwa, duk mai bukata ya zo ya yi fotokopi ya maido.

Ni na fara. Ina da kalma 140 daga rumfar Kawu da shafi shida da muka fassara tare, shi yana faɗa ina rubutawa. Idonsa ya fara rauni, launukan jikin rezista yanzu sai yaro ya karanto mishi: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa. Da zan dawo ya ce, “Mushe, in ka koma ka gaya wa abokanka, in sun zo kada su zo da kalmomi. Su zo da takarda da biro, kalmomi muna da su.” To na isar. Wanda ya shirya ya same ni bayan taronmu na wannan satin, littafin yana cikin jakata.